Layi Uku na Inna

Rabin maganar Inna, mahaifiyata, daga saƙa ta samo ta. In rigima ta tashi a gida, sai ta ce a bari ta nemo bakin zaren. In ta gan ni na yi tagumi, sai ta ce in bar saƙa da warwara in tashi in ɗora tukunya. Har yau ba na iya kiran mutum mugu kai tsaye, sai dai in ce yana saƙa da mugun zare.

A Gatawa da wuya a raɗa wa jariri suna ba da hular Inna a kansa ba. Shekarar da tsoron 'yan bindiga ya dawo da mu Sabon Birni, ta bar turmi da tukwane, amma kwarashin saƙarta ta soke shi a ɗankwali ta hau babur.

A shekarar nake da cikin fari, a shekarar kuma yanar ido ta rufe mata gani. Ta ce ko da lalube sai ta yi wa jikanta hula. Ta warware tsohuwar rigar sanyin marigayi Baba ta samu ulu.

Saƙar ta fito duk ramuka, nan ta tsuke, can ta saki. Na kasa gaya mata. Matar da gari guda ke yabon hannunta, ni zan ce mata ta ɓata? Sai na riƙa jira ta kishingiɗa bayan azahar, in warware aikinta na safe, in sake shi daidai tsawonsa, in mayar cikin faifai. Ni a dole mai wayo.

Rana ta biyar ta ɗauka, ta daɗe tana shafawa da yatsa.

"Ɗiyata, wagga saƙa ba tawa ta ba," in ji ta. "Ke ka jan zare kamar mai ɗaurin akuya. Tun kina ƙarama hakanan hannunki yake."

Na fara rantse-rantse, ta ce kar in kwashi zunubi ga ciki ga ƙarya.

"Tun farko na san ina ɓatawa. Ƙarasa ta, kin fi ni ido. Amma ki bar min layi uku wajen goshi, yadda na yi su."

Kunya da tausayi suka haɗe mini, na yi kuka, ita kuwa tana yi mini dariya. Ta saƙa layukanta uku, ban taɓa su ba.

Ranar suna gida ya cika da mata masu goyo, jarirai na yawo hannu zuwa hannu, har aka ɗora wa Inna nawa a cinya ba wanda ya gaya mata ɗan waye. Ina kallo ta kai yatsa kan hular, ta wuce tsukakken aikina, ta sauko goshi. Nan yatsanta ya faɗa ramin farko, ya tsaya.

"Awo," ta ce, "wanga nawa na."