Ranar da muka kai bashe Agiye shan magani

Na shiga lakol, wato makaranta, ina da jika biyu. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ji abin da ke tafe ya ce yarinta ce. Da furfurata na yi shi, kuma ban sha komi ba.

Lakol ɗin ta manya ce, ta yaƙi da jahilci, a wata rumfa bayan kasuwar Cadawa. Hausa malaminmu, da muke ce wa mushe, yake koya mana. Na yi wata bakwai ina zuwa, har na kai in na ga rubutu a jikin buhun taki sai na tsaya na karanta shi da ƙarfi, ko da mai buhun yana sauri.

Maigidana yana da bashe, tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, mai shan gazuwal, wato man dizal. Shi da ƙaninsa suka haɗa suka saye ta, suna kwasar wake da mutane zuwa kasuwanni. Maigidana mutum ne da in ya yi magana biyar a yini an yi hira. Ƙanin kuwa, duk maganar da aka hana wan shi aka ba. Da matansa biyu da ƴaƴansa, amma tunda aka kawo ni gidan yake ce mini "matata", ni ko in ce masa "ragowar miji". Da na shiga lakol sai ya sake mini suna, na koma Madam Diraktiris, wai shugabar makaranta.

A kakar shekarar da na shiga lakol bashe ta kamu da tari. Da safe sai an roƙe ta kafin ta tashi. In ta tashi sai ta hau karkarwa, ƙofofi na kaɗawa, madubi na rawa, baƙin hayaƙi na bin ta a baya har awakinmu suka daina kwana kusa da ita. Wani direba da ya saurari injin ya ce anjaktar ne suka toshe. Na tambaya mi ne ne anjaktar. Ya ce wasu ƴan bakuna ne huɗu masu fesa gazuwal cikin inji, ramukansu sun fi na rariya ƙanƙanta, ƙazantar mai ke liƙe su. Ya ce ko a kwance su a kai Maraɗi, ko a fara gwada maganin da ake zubawa a tanki.

Ragowar miji ya je Maraɗi ya dawo da maganin. Ƴar kwalba ce, ba ta kai ta sirop ɗin yara biyu ba, duk jikinta rubutu. Mai shagon ya yi masa bayani, amma shi lokacin yana ba mai shagon labarin wani rago. Abin da ya riƙe kawai shi ne, "Komi yana rubuce a jiki."

Muna zaune ƙofar gida da hantsi, da maƙwabta uku da suka zo duba motar kamar mai jinya, ya miƙo mini kwalbar da hannu biyu, har da rusunawa.

"Madam Diraktiris, a taimaki jahilai."

"Kawo nan, ragowa."

"A'a, tsaya. In kin kasa fa? Wata bakwai muna cin tuwo da la'asar saboda lakol."

Bakina ya riga hankalina, kamar yadda ya saba. Na ce, "In na kasa karanta wagga kwalba, ƙafata ba ta ƙara taka lakol."

Maƙwabta suka ce sun ji. Maigidana ya dube ni ya dubi ƙasa. Ban rantse da Allah ba, amma duk unguwar an san ba na haɗiye maganata, ko da ita za ta shaƙe ni.

Na karɓi kwalbar, na ɗaga ta ga rana. Faransanci ne. Baƙaƙen duk na san su, amma sun jeru kamar baƙi a gidan biki, ba wanda ya san na kusa da shi. Ga su ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Na yi ta juya kwalbar ina gyaran murya. Can sai na ga kalma guda da jan rubutu, manya-manya, ita kaɗai a sama: AGITER.

Na fara haɗawa yadda mushe ya koya mana. A. Gi. Agi. Agi-te.

Sai na tuna wani abu. Ran nan mushe ya fita da mu bakin gudron, titin kwalta, ya nuna mana allon shiga gari, inda aka rubuta Cadawa da Faransanci. Baƙi takwas suka zuba inda shida sun isa, har da wani T a gaba da ba ya aikin komi. Ya ce haka Faransanci yake, yana da baƙaƙen da ake rubutawa ba a faɗa. Na kuma tuna allon garin Agiye da nake gani in mun je kasuwar can: akwai A, akwai G, akwai I, akwai E. Ga su nan duk huɗun a jikin kwalba. T da R kuwa na san halinsu, ƴan rakiya ne.

Na sauke kwalbar na ce, "Agiye."

"Agiye mi?"

"An ce a Agiye za a zuba shi."

Ragowar miji ya buɗe baki. "To sauran rubutun fa, duk wancan?"

"Gaisuwa ce."

"Kuma don mi sai Agiye? Gazuwal ɗin can da sukari ake dama shi?"

Na ce, "Kai, da uwarku, Allah ya jiƙanta, ta karɓo maka maganin shawara, ba a mararrabar hanya aka ce ka sha shi ba, kana duban gabas? Ka tambayi dalili? Kowane magani da sharaɗinsa."

Wannan ta kama maigidana, don shi ya riƙe masa ƙwaryar a mararrabar. Ya miƙe ya ce, "Gobe Agiye." Magana biyu cikin biyar ɗinsa na ranar.

Washegari aka loda buhunan wake kaɗan don kada tafiyar ta tashi a banza. Na shiga gaba na zauna tsakaninsu, kwalbar na ƙulle a bakin zanena, don na ga idon ragowar miji, na san yana iya zuba ta a hanya ya ce mantuwa ce. A bakin gari wata dattijuwa Bafulatana ta tsaida mu, da bido, wato jarka, cike da nono za ta kai Agiye. Muka gaisa, na ce, "Goggo, motar ba ta da lafiya fa." Ta ce ita ma ba ta da, su je tare. Ta hau kan buhuna ta rungume bidonta.

Wanda bai shiga bashe a ranar ba bai san karkarwa ba. Haƙorana na sama da na ƙasa sun gaisa sun fi sau dubu. Ɗankwalina ya sauka da kansa. In ragowar miji ya buɗe baki zai yi mini tsiya sai maganar ta fito guntu-guntu, "Ma-da-dam Di-di-di," ya haƙura. Masu amalanke muna wuce su da ƙyar, su kuma suna toshe hanci suna yi mana addu'a.

Ba mu yi nisa ba ta mutu. Maza suka sauka suka tura, ni na riƙe sitiyari, abin da ban taɓa yi ba, maigidana ya yi tsalle ya shigo ya ba ta wuta. Ta sake mutuwa gaba kaɗan. A mutuwa ta uku, a wani ɗan hawa, ragowar miji ya zagayo ta tagata, gumi har cikin kunne.

"Matata, don girman Allah. Nan ma ƙasar Agiye ce. Perfe ɗaya ke mulkinmu. Kawo a zuba."

"Ba a rubuta ƙasar Agiye ba. Agiye aka rubuta."

"Yaya, ka yi mata magana!"

Maigidana ya ce, "Tura."

Wani jandarma a kan babur ya tsaya ya tambayi lafiya. Ragowar miji ya ce masa, "Lafiya lau, ranka ya daɗe, magani muke da shi a mota, amma ba a isa wurin shansa ba." Jandarman ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tada babur ɗinsa ya tafi.

Tafiyar da ake yi kafin shayi ya huce, sai bayan azahar muka ga allon Agiye. Na sa aka tsaya daidai gindinsa na gwada da kwalbar. Na ga U a allo, babu shi a kwalba. Na ce a raina shi ma ɗan rakiya ne, wani wurin ya tsaya.

Muka gangara garejin wani makaniki kusa da gidan mai, dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Ragowar miji bai bari an gama gaisuwa ba.

"Malam, mun kawo ta. Ga mu a Agiye. A ina daidai ake zubawa, tasha ko kasuwa?"

Makanikin ya ce bai gane ba. Na kwance bakin zane na miƙa masa kwalbar, na nuna masa jan rubutun da yatsa, na ce, "Ga shi nan."

Ya gyara tabarau. Ya karanta. Ya dube ni, ya dubi mazan biyu da rigunansu suka manne a baya, ya dubi hanyar da muka fito. Sai ya zauna a kan wata tsohuwar taya a hankali, kafaɗunsa suka fara rawa kamar na bashe.

"Hajiya," in ji shi da ya samu numfashi, "ajite ake faɗin ta. Girgiza. Cewa aka yi a girgiza kwalbar kafin a zuba."

Ragowar miji ya cire hula ya jefa sama, ya yi juyi biyu a tsakiyar gareji. "Girgiza! Yaya, girgiza! Da hannu! A ƙofar gida! Madam Diraktiris, a kawo kaye da bik, kayan rubutun nan duka, ɗiyata ta samu gado. Lakol ta ƙare!"

Na ji zafi har cikin ido. Rumfar nan na gani, da tabarmata ta kusa da allo, da baƙaƙen da ban kai gare su ba. Amma ban ba shi hawaye ba. Na ce, "Cewa na yi in na kasa karantawa. Malam, na karanta ko ban karanta ba?"

Makanikin ya share ido ya miƙo kwalbar. "Faɗa mini baƙaƙen."

Na faɗe su shida, ɗaya bayan ɗaya, ban yi tuntuɓe ba. Ya juya ga ragowar miji ya ce, "Kai kuma nuna mini guda." Ya karɓa ya duba gaba ya duba baya, ya ɗora yatsa a kan hoton da ke jiki ya ce, "Wanga dai inji ne."

"To ita ta karanta," in ji makanikin. "Harshen ne ba nata ba."

Ragowar miji ya ce, "Amma ba a girgiza ba! Sharaɗin bai cika ba!"

Sai muka ji murya daga saman buhuna. Duk mun manta da Goggo. Ta sauko da bidonta, ta buɗe, ta karkata shi ga makanikin. Man shanu ne ke yawo a kan nonon, curi-curi.

"Ni nono na ɗauko daga gida," in ji ta. "Ban kaɗa ba, mota ta kaɗa. In abin da ke cikin kwalban nan bai girgizu ba, to dutse ne."

Yaran gareji da masu jiran gyara suka kwashe da dariya, har mai sayar da rake ya matso. Makanikin ya buɗe tanki ya sunsuna, ya tambayi inda suke shan mai. Maigidana ya ce wurin wani mai sayarwa a bido bakin hanya. Ya ce to da a gida suka zuba, cikin ɗan guntun gazuwal mai laka, da sun yi asarar maganin. Yana son tanki cike da mai mai tsabta, sannan a yi doguwar tafiya da shi. Ya canza filtir mai tace mai, aka tura ta gidan mai aka cika, ya ba ni kwalbar ya ce ni zan zuba. Na girgiza ta sau uku a gaban hancin ragowar miji kafin na zuba.

Shi dai bai saki ba. "Yaya, kai ne mai hukunci. Ta karanta ko ba ta karanta ba?"

Maigidana yana zaune a bakin mota yana murza kafaɗa. Sannan ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa tun aurenmu.

"Za ta koma. Kuma ta shiga ajin Faransanci, ko da tuwo zai kai magariba. Yau Agiye ta gani. Da Agadas ta gani fa?"

Bashe ba ta warke a ranar ba, kada in yi ƙarya. Mun dawo ba tura, wannan gaskiya ne, kuma bayan tanki biyu hayaƙin ya ragu, karkarwar ta koma ta tsufa kawai. Amma anjaktar guda ya ƙi jin magani, sai da aka kwance shi aka kai Maraɗi. Ragowar miji ne ya kai, na ce masa wannan karon ya bar labarin rago a gida.

Ajin Faransanci na yi shekara biyu a ciki. Ranar da mushe ya rubuta kalmar nan a allo na tashi na ba aji labarin da kaina, don na san in ban ba da ba wani zai ba da shi da ƙari.

A gidanmu kuwa kalmar ta zauna. Jiya jikata tana tari, uwarta ta ɗauko sirop za ta zuba a cokali, sai na ji ragowar miji daga zaure, yanzu da sandarsa da furfurarsa, yana ƙwala mata kira: "Ke! Kin kai shi Agiye tukuna?"