Inda Aka Kwantar da Inna

A garinmu mata ba sa bin gawa. Ranar da Inna ta rasu, iyakata zaure. Na ga makara ta fita a kafaɗun maza, na ga bayan rigar Yaya, babban wana, har suka sha kwanar masallaci, shi ke nan. Da suka dawo na tambaye shi inda suka sa ta, ya ce, "Wajen kanya." Na riƙe wannan magana da hannu biyu. Shekara da shekaru, duk sanda na taso daga Bacirawa, inda nake aure, mota ta bar Ɗanbatta ta kama hanyar ƙauyenmu, sai in hango kan kanyar daga nesa in yi wa Inna sallama. Ban taɓa matsawa kusa ba, ban kuma ga dalilin matsawa ba.

Maƙabartar tana gabas da gari, bayanta akwai rafi. Muna yara ko akuya tsallake shi take yi. Amma ƙasarmu jigawa ce, gonaki kuma sun matse juna, aka sare itatuwan bakin ruwa aka noma har gaɓa. Kowace damina ruwa ya gutsiri nasa, har rafi ya zama kwazazzabon da raƙumi zai shiga a neme shi a rasa. Wata bazara Yaya ya kira ni a waya. Sai da ya gama tambayar yara da mai gidan, sannan ya ce, kamar abin da ya tuna daga baya, kwazazzabo ya iso maƙabarta, za a yi gayya a tare gaɓar kafin ruwa ya sauka.

Na ce, "Ya iso kanya?"

Ya ce, "Da saura. Ki dai zo da buhuna in kin samu."

Na bi kasuwar Ɗanbatta na tattara buhunan taki da na shinkafa waɗanda aka juye, har direba yana tambaya ko sana'a na sake. A raina abin ba shi da wuya: a cika buhuna da yashi, a jera su a bayan kanya, Inna ta zauna lafiya. Ban san akwai abin gardama a ciki ba sai da na je gaida Kawu, ƙanin Inna, na gaya masa abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Wace kanya kuma? Wa ya ce miki wajen kanya take? Wajen aduwa muka sa ta. Ni na riƙe kan makarar."

Na ce, "Kawu, ai babu aduwa a maƙabarta."

"Yanzu babu. An sare ta, amma kututturen yana nan, can kudu."

Kanya kuwa tana arewa. Tsakaninsu tafiya ce mai ɗan tsawo, duk gaɓa ce mai zaizayewa, buhunan da gari ya tara kuma, haɗe da nawa, ko rabinta ba za su rufe ba. Na koma wa Yaya da zafina, don ni ba na iya ɓoye fushi, a fuskata yake kwana. Ya ce Kawu ya tsufa. Na koma wa Kawu, ya ce Yaya yaro ne a lokacin, yaron da ke da 'ya'ya huɗu. Na aika a tambayar mini Malam liman, wanda ya sallace ta. Saƙo ya dawo cewa Malam ya ce shi dai ya yi mata salla, sallar kuma a ƙofar gida aka yi, Allah Ya ji ƙanta. Kaburburanmu ba a rubuta musu suna. Tudun ƙasa ne, a ɗora fasasshiyar tukunya ko a kafa reshe, damina biyu ta baje tudun, akuya ta cinye reshen. Ashe duk garin nan kowa da ƙwaƙwalwarsa yake riƙe da mamacinsa, ni kuma da ta wani nake riƙe da tawa.

Ranar gayya mu mata muka yi dambu da kunun tsamiya, muka kai gindin darbejiyar da ke bakin wata gona, inda nan ne iyakar zuwanmu. Daga nan nake hango maza kamar tururuwa, masu shebur suna cika buhu a cikin kwazazzabo, masu baro suna kawo laka, wasu suna kafa turaku. Na ga Yaya yana nuna arewa, na ga Kawu yana nuna kudu da sandarsa. Ba na jin abin da suke cewa, sai hannaye. Can na ga an fara jera buhuna a wajen kanya, na ji sanyi a raina, nan take kuma sanyin ya koma tsoro. In Kawu ne mai gaskiya fa? Kenan da hannuna na kawo buhunan da aka tare wa wasu, aka bar uwata a bakin ruwa.

Da suka zo shan kunu na tare Kawu. Ya ce dattawa sun zaɓi arewa ne saboda saiwar kanya za ta taimaka wa buhunan, kudu kuwa ta riga ta ruɓe ta ciki. Na ce ruɓewa kamar yaya? Ya ce gafiya. Duk gaɓar kudu ramukan gafiya ne, ruwan sama yana bi ta cikinsu ya jiƙa ƙasar ta ƙasa, sai ka ga gaɓa lafiya lau da safe, da yamma ta zauna. Ya kurɓi kunu ya ƙara da cewa, "Mu ma sai mu yi irin tata, gafiya tsira da na bakinki."

Ban yi dariya ba. Na ce to a kashe su mana. Nan na gane an riga an sha wannan gardamar. Samari sun ce a yi musu hayaƙi kamar yadda ake yi a gona, Malam ya ce ba a hura wuta a kan Musulmi. Aka ce a haƙe ramukan, aka tuna inda ramukan suke zuwa. Aka ce a sa magani, masu awaki da kaji suka ce ba su yarda ba. Wani ya ce a kawo karnuka, ko amsa ba a ba shi ba. Daga ƙarshe aka tsaya a kan a cusa ƙayar magarya da fasassun kwalabe a kowane rami, a liƙe da laka. Haka aka yi. Kwana kaɗan Yaya ya gaya mini sun buɗe sababbi a gefe, kamar an ce musu a sake ƙofa. Na rasa da wa nake faɗa, da ruwa, ko da gafiya, ko da mazan gidanmu.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Na tuna gambar da Inna ta dasa a iyakar gonarta, wadda take yanka ta sa a saƙa mata zana. Saiwar gamba tana riƙe ƙasa, kowa ya san wannan. Na sa aka ciro mini saiwoyin, na kai wa Yaya na ce a dasa a bayan kabarinta. Ya dube ni, na dube shi. Ya karɓa, na koma Bacirawa.

Ruwa ya sauka da ƙarfi a watan da gero ya fara ciki. Buhunan arewa suka tsaya. Kudu ta zauna, ta tafi da kututturen aduwa da abin da ke kewaye da shi. Maza suka shiga kwazazzabo suka tattara abin da suka samu, suka naɗe a sabon yadi, suka haƙa wuri can ciki suka rufe. Abin da ba su samu ba ya bi ruwa. Na zo washegari ko mayafin kirki ban ɗauka ba.

Kawu na fara samu, yana zaune a zaure. Na yi tsammanin zai ce ai ya faɗa. Sai ya ce, yana kallon ƙasa, tun jiya yake tunani, anya ba matarsa ta fari ce aka sa wajen aduwa ba? Rasuwarta da ta Inna damina ɗaya ce tsakani. Ya ce shi yanzu ba zai rantse ba. Na kusa yin murna. Na wuce gona wajen Yaya da wannan labarin, na ce masa ashe shi ne mai gaskiya, Inna tana wajen kanya.

Ya ajiye fartanya, ya daɗe yana goge hannu a riga. Sannan ya ce, "Ni fa ranar nan ban ga komai ba. Ina cikin rami aka miƙo min ita, ko fuskar wanda ya miƙo ban gane ba. Da muka dawo kika tsaya a zaure kina tambayata, sai na faɗa miki abin da za ki iya hangowa daga hanya."

Na so in yi masa faɗa, faɗan bai zo ba. Na tambaye shi inda ya dasa gambar. Ya ce ya rarraba saiwoyin ne ƙanana-ƙanana ya bi gaɓar gaba ɗaya, daga kanya har kudu, tun da bai san inda zai tsaya ba. Ta arewa ta kama. Ta kudu ta tafi tare da ƙasarta, amma ya ga wasu sun tsiro a can ƙasan kwazazzabo, inda ruwa ya ajiye su.

Har yau duk bazara ana gayya, ana sake buhuna, ana cusa ƙaya, gafiya tana sake ƙofa. Ni kuma in mota ta kama hanyar garinmu nakan roƙi direba ya ɗan sassauta. Sai in fara sallamar daga kanya, in bi layin gamba da ido, in leƙa wajen sabon tudun da ke ciki, sannan in gangara kwazazzabon in bi shi har inda ya sha kwana. Wani lokaci mota takan wuce ban gama ba.