Gorubar Audu Dogo

Kakata Tabawa ba ta san zaman banza ba. In aka idar da sallar isha'i a ƙauyenmu da ke bayan Bakori, sai ta sa a hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta jawo mazari da auduga, mu jikoki mu kewaye ta. Da ni take fara tsokana.

"Maigida, yau ma babu cefane? Miji sai dai cin tuwo."

Ina tura baki, tana dariya, yatsunta fari fat da alli. Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini. Labarin da ya zauna mini shi ne wanda in za ta ba mu sai ta ajiye mazarin ta ce, "Wannan kada ku amsa mini amshin tatsuniya, don da gaske aka yi shi."

Tun kafin zuwan Turawa, in ji ta, akwai ƙauyuka biyu da fadama ta raba: Maje, garin Maguzawa inda aka haife ta, da Gamji, garin Musulmi. Duk shekara in an gama kai amfanin gona gida, fadama ta bushe, sai mazan garuruwan su kara a wasan ƙwallon goruba. Kowa da sandarsa mai lanƙwasasshen kai, ana kora ƙwallon a shigar da shi tsakanin duwatsu biyu. Ranar kasuwa ake yi, garin da ya fara cin wasa uku shi ke da shekara. Abin da ake ci wani ƙaton akushi ne baƙi, wanda jagoran masu nasara ke ƙona alamarsa a bakinsa da ƙarfe mai zafi. Sai dai akushin ba ya tafiya da yunwa. Waɗanda aka ƙwace shi a hannunsu su za su yi ta cika shi da tuwo har duk garin da ya ci su ya ƙoshi.

Akushin ya daɗe a Maje, don mahaifin kakata, Nomau, jagoransu, ba kanwar lasa ba ne. Jagoran Gamji kuwa Audu Dogo ne, amininsa tun suna kiwon awaki. Audu ya yi ƙuruciyarsa a filin nan har furfura ta fito masa, bai taɓa ƙona alama ba, ga gwiwa ta fara ba shi labari. Kowa ya san wannan ce shekararsa ta ƙarshe.

A shekarar ne fara ta sauka a gonakin Maje ta tsallake na Gamji. Abin da ya rage wa mutanen Maje dammunan iri ne kawai, waɗanda suka rataye don shukar baɗi. Da yunwa suka shiga fili, aka ci su sau biyu a jere. In aka ci su na uku, irin nan za a daka a yi tuwon akushi. "Ga shi kuma," in ji kaka, tana shafa cikinta, "uwata na ɗauke da ni."

Ana gobe wasa Audu ya ƙetare fadama ya je gidan Nomau. Ruwa zalla aka kawo masa, ya kuma ga ganyen tafasa mata ke dafawa.

"Nomau, a bar wasan bana mana. Wa zai ce wani abu?"

"Ni zan ce. Ubana bai taɓa ɓoye akushi a ɗaka ba. Ka zo da ƙwallonka, Dogo, in ka ci mu ka ci tuwo."

"Taurin kanka dai har yanzu yana nan."

"Naka ne ya tafi?"

Masu neman akushi su ke zuwa da ƙwallo, kuma al'ada ce in ƙwallo ya fashe a fili wasan shekarar ya mutu: ba tuwo, ba alama, akushi ya kwana inda yake. Amma wa ya taɓa ganin ƙwallon goruba ya fashe? Abu ne da ko da dutse sai an sha wuya.

A nan kaka kan rage murya, mu matso har zafin wuta ya dame mu. Ranar wasa, Gamji na gaba, rana ta yi sanyi, ƙwallo ya faɗo gaban Audu, babu kowa tsakaninsa da duwatsun. Tura shi kawai zai yi. Sai ya ɗaga sanda sama ya maka masa da dukan ƙarfinsa, ƙwallo ya rabe biyu. Nomau ya tsinci ɓari guda, ya ga cikinsa baƙi ƙirin, alamar ya kwana cikin toka mai zafi. Ya dubi Audu, Audu ya kau da kai. Sai Nomau ya jefa ɓarin a aljihu, bai gaya wa kowa ba sai bayan rasuwar amininsa.

Mutanen Gamji sun ci Audu da gori, suka sa masa suna Fasa-Ƙwallo, wai ƙarfi ba dabara. Da suka zo suka ci akushin a wata shekarar, yana zaune gefe da gwiwa a kumbure, alamar wani aka ƙona.

Ni a lokacin haushi labarin ke ba ni. "To shi me ya samu, kaka?"

"Gori ya samu, maigida. Ka tashi ka kwanta."

Na yi shekaru ina ganin an cuci Audu Dogo, har na yi furfura ni ma. Bara na je ganin ɗana a wata ƙasa mai tsananin sanyi inda yake aiki, na tarar garin ya rikice da wasan ƙarshe na ƙwallon gora da ake yi a kan ƙanƙara. Muka kalla a talabijin: ƙarti da sanduna masu lanƙwasasshen kai suna zamiya, an ajiye musu ƙaton kofin azurfa. Ɗana ya ce tun zamanin kakanni ake zana sunayen zakaru a jikinsa, har da wata shekara da annoba ta hana a kammala, aka bar ta babu zakara. Yana ta bayani, ni hankalina ya koma fadamar Maje. Kofi da akushi duk waɗanda suka ci suke tunawa. Wanda ya iya ci ya bari ba shi da wuri a jikinsu.

Na dubi ɗana, na dubi 'yarsa da barci ya kwashe a kan cinyata, sai ƙwalla ta cika mini ido. Irin nan da ba a daka ba shi aka shuka da damina, shi ya ba uwar kakata nono, daga shi muka fito dukanmu. Mutumin kuwa ba danginmu ba ne, ko inda kabarinsa yake ban sani ba. Tun daga ranar, in na zauna yi wa iyayena addu'a, ina sa sunan Audu Dogo a cikinsu.