Tabarmar Kawu Dogo

A shekarar korona, lokacin da aka kulle gari, aikina a Doha shi ne gadin wani rukunin gidaje a unguwar Al-Sadd. Akwai filin ƙwallon kwando a tsakiyar gidajen, kuma ni aka sa na ɗaure ragar da igiya don kada yara su taru. Daga nan sai wurin ya yi tsit. Babu mai shiga, babu mai fita, sai masu kawo abinci a babur, su ma a ƙofa suke ajiyewa su juya. Ni kaɗai a ɗakin gadi, daga ni sai takunkumi sai wata 'yar talabijin. Da yake an dakatar da wasanni ko'ina, tashar ta koma maimaita tsofaffin wasannin ƙwallon kwando, na taurarin da, masu gajerun wanduna, waɗanda yanzu wasunsu sun yi furfura, wasu kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Ina kallonsu sai na ji ƙamshin gyaɗar Iya ya dawo mini.

Iya ita ta haifi mahaifiyata. Gyaɗa take soyawa ta sayarwa a gidanta a Zariya. Bayan sallar isha'i, idan ta sauke kaskon ƙarshe garwashi ya rage, mu jikoki sai mu kewaye murhun, ta raba mana ƙonannu waɗanda ba za su sayu ba. Mace ce mai faɗa, ba ta ɗaukar wargi da rana, amma da dare bakinta zuma. Kowace tatsuniya ta ba mu, ta kura ce ko ta zomo, sai ta rufe ta da cewa, "Ƙurunƙus, ta ƙare, mai gyangyaɗi ya nemi shimfiɗarsa." Mu kuwa barci ba ya halatta a wurinmu sai mun ji wannan kalma.

Guda ɗaya ce ba ta taɓa rufewa ba, ita ce tatsuniyar Dogo.

Wai an yi wani yaro mai tsawon tsiya. Mangwaro ba ya buƙatar sanda a wurinsa, kuma babu ƙofar da ba ta san goshinsa ba. Duk tabarmar da aka shimfiɗa masa ƙafafunsa a ƙasa suke kwana, har uwarsa ta gaji ta je wurin masaƙi aka yi masa doguwa tasa shi kaɗai. Rannan wani baƙo mai usur a wuya ya gan shi a kasuwa, ya tsaya ya ɗaga kai, ya ce ya biyo shi. Ya kai shi wani fili inda aka rataye kwando a sama, ya ba shi ƙwallo ya ce jefa.

"Kwandon fa ba shi da gindi!" Iya za ta ce tana tafa hannu. "Ka jefa ya zubo, ka sake jefawa ya sake zubowa. Ƙarti majiya ƙarfi suna ta gumi, jama'a na ihu. Ni da kwandona ya huje haka, ai murhu zan cusa shi."

Mu yi ta dariya har da faɗuwa. Ta ce Dogo ya yi ta jefawa daga gari zuwa gari, har aka haye teku da shi zuwa ƙasar da sanyi ke mai da ruwa dutse. Can aka riƙa rera sunansa. Duk lokacin da uwarsa ta aika a ce ya dawo, sai ya ce, "A ce mata saura shekara guda, kwandon ya kusa cika."

A nan Iya take katse tatsuniyar, ta ɗauki kara tana tona toka.

"Iya, sai me?"

"Sai ku tashi ku kwanta."

"Ai ba ki ce ƙurunƙus ba!"

"Yo ta yaya zan rufe ƙofa mutum yana waje?"

Haka muke watsewa muna gunaguni. Sai da na yi wayo na gane cewa Dogo shi ne Kawu Isiyaku, ƙanen mahaifiyata, wanda ban taɓa gani ba. Doguwar tabarmar kuwa tana nan a naɗe, a ɗaure jikin azarar ɗakin Iya. Ko biki ake yi baƙi suka yi yawa aka rasa shimfiɗa, babu wanda ya isa ya ce a sauke ta.

Kawu tauraro ne na gaske. Ya buga wa jiha, ya buga wa ƙasa, sannan wata ƙungiya a Turai ta ɗauke shi. Da gwiwoyinsa suka gaza sai ya zauna can yana koyar da matasa. Bai zo ba sai bayan rasuwar Iya, har an yi sadakar arba'in. Ina tuna yadda ya sunkuya ya shiga ɗakinta yana dogara sanda, ya miƙa hannu ya kwance tabarmar ba tare da ya taka komai ba. Ya shimfiɗa ya zauna, ya kira mu.

"Me take cewa a kaina?"

Muka ba shi tatsuniyar kaf, har da tafin. Ya yi dariya sosai a wurin kwandon. Sannan ya ce, "To yaya ta ƙare?"

Na ce, "Ba ta ƙare ba, Kawu."

Ya sa tafukan nan nasa manya ya rufe fuska. Ranar na fara ganin babban mutum yana kuka.

A ɗakin gadin Al-Sadd na lalubo sunansa a waya. Na samu wani ɗan guntun bidiyo dishi-dishi. Ga shi matashi, yana tashi sama kamar ba shi da nauyi. A ƙarshe aka nuna ranar da ƙungiyar ta ɗaga rigarsa ta rataye a rufin zauren wasa, wai daga ranar babu ɗan wasan da zai ƙara sa lambarsa. Jama'a a tsaye suna tafi. Na yi alfahari, wallahi. Iya ba ta yi daidai ba da ta ce kwandon ba ya riƙe komai, don ga shi ana tunawa da shi a ƙasar da ba tasa ba. Amma raina ya ɓaci kuma. Wuri biyu aka rataye wa mutumin nan kayansa, kuma wanda aka fi jiransa a ciki babu tafi, sai tsohuwa da garwashi.

Ni ma shekara biyu na ce zan yi. Na bar 'yata Hafsa tana rarrafe. Korona ta zo ta rufe jirage, da aka buɗe sai kamfani ya ce a daure a wuce gasar Kofin Duniya. Lokacin gasar aka mai da ni wata ƙofa inda dubban mutane ke wucewa da tutoci da ganguna, ina nuna musu hanya. Ban taɓa jin kaɗaici irin na cikin taron nan ba, kowa da nasa, ni kuwa babu wanda ya san sunana. Gasar ba ta ƙare ba shugaban aikinmu ya tare ni.

"Yalla, Nura, akwai sabon kwantiragi, shekara biyu. Ka ba ni amsa kafin Juma'a."

A raina har na yarda. Ginin da na fara a gida bai kai rufi ba. Da yamma na kira gida, Hafsa ta ƙwace wayar.

"Baba, Kaka ba ta iya tatsuniya ba."

"Kai, wa ya faɗa miki?"

"Kullum ta wani mutum take ba ni, mai tsaron ƙofar gidan da ba nasa ba. Kuma ba ta cewa ƙurunƙus. Ka ce mata ta rufe mini, barci ba ya zuwa."

Na ji muryar mahaifiyata daga baya, tana tari tana cewa, "Ke, kawo wayar nan. Nura, kar ka biye wa surutun yarinya, ka yi aikinka, Allah ya yi albarka."

Na ce amin a hankali. Muryarta ta tsufa, sak ta Iya.

Washegari na sami shugaban na ce masa khalas, wato shi ke nan, ana gama gasa zan tafi. Ya ce mutane nawa ke neman wannan aikin. Na ce to Allah ya ba su sa'a. Ginin zai jira, ko da ba zai taɓa samun rufi irin wanda na so ba.

Na sake kiran gida na ce a ba ni Hafsa.

"Ki ce wa Kaka ta ajiye ƙurunƙus ɗin nan, kar ta ba kowa. Ni zan zo in faɗa da bakina."