Takardar da Na Ɓoye a Cikin Kwalla

Matso kusa, 'yar uwa, ki ji wautar da na taɓa tafkawa. Yau da bakina zan tona wa kaina asiri.

Shekarun baya, lokacin da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, maigidana masinja ne a wani ofishin gwamnati, makullai duk a hannunsa suke. Ana cikin hidimar tsohon shugaba ya fita sabo ya shigo, sai tafireta ta yi ɓatan dabo. Wa za a kama in ba mai makulli ba? Aka ce ya zauna a gida sai kwamiti ya gama bincike.

Zaman gidan kuwa bai yi ba. Kullum da safe sai ya kafa hula ya hau kekensa kamar mai zuwa aiki, ya je Ƙofar Mata ya wuni yana taya yayansa rini, don kada mutanen unguwarmu Mandawari su ce an kore shi kan sata. Bawan Allah ya rame, ga hawan jini. Mai cinye malmala biyu, ɗaya ta gagare shi.

Ran nan da hantsi, ba ya nan, wani direba ya yi sallama ya miƙo ambulan mai ruwan ƙasa, ga hatimi ɓaro-ɓaro. Na ce ya tsaya ya sha ruwa, ya ce sauri yake yi. Mu a tasowarmu takardar hukuma ba ta zuwa da alheri, balle wadda mai kawo ta ya ƙi shan ruwan gidanku. Na ce in Malam ya ga wannan, sai dai a kwashe shi. Na ɗaga kwallar da ke can ƙasan jerena, wadda tun aurena ko ƙwayar gero ba ta taɓa shiga ba, na jefa ta na rufe.

Kwana goma sha biyu tana ciki. Na yi sadakar waina, na yi ta ƙosai, har turaren wuta na yi wa kwallar ko sharrin ya lafa. Kullum ya dawo sai ya ce, "Ba wani saƙo?" In ce, "Saƙon me, Malam? Ga ruwan wanka can."

Da abin ya ishe ni na kara ambulan a tururin tukunya na buɗe. Ni a aji uku na tsaya. Baƙaƙen na sani, abin da suke faɗa ne ban sani ba. Kai wa wani ya karanta kuma tonon asiri ne. Sai na yi dabara: na zaɓi kalmar da ta fi kowacce tsawo da muni, don a ganina nan masifar take, na kwafe ta a bayan kwalin sabulu, na shiga gidan maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyarwa.

"Malama, wata ƙawata ce a unguwar Sheshe ta ce in tambayar mata wannan."

Ta gyara tabarau. "Exonerated. Ƙawarki ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. An wanke mutum ke nan."

"Wato an yafe masa?"

"A'a, kada ki haɗa su. Yafiya sai wanda ya yi laifi. Wannan bincike aka yi, aka ga tun farko hannunsa fes yake." Ta leƙo ni ta saman tabarau. "Sai dai ki gaya wa ƙawar nan taki ta Sheshe, wadda mijinta ke dawowa daga ofis da shuni a farce, irin wannan takarda da wa'adi take zuwa."

Na kwance haɓar zani na ciro takardar na miƙa mata. Ashe an gano tafiretar cikin kayan tsohon shugaba, masu kwasa ne suka haɗa da ita. An ce Malam ya koma aiki cikin mako biyu, in bai je ba a ɗauka ya bari da kansa. Saura kwana biyu!

Da la'asar na kasa faɗa da baki. Na ajiye masa tuwo, na mayar da takardar cikin kwallar na ajiye ta a gefe. Ya buɗe, ya karanta sau biyu, ya duba kwanan wata, sannan ya shinshina takardar.

"Ikon Allah. Gwamnatin farar hula har turare take yi wa wasiƙa? Kwananta nawa a ɗakinki?"

"Sha biyu, Malam."

Na zayyane masa komai, har zuwana wajen Malama, ina ta salati a zuci. Can ya fashe da dariya har da tari, ya ce in ƙaro malmala.

"Ni kwamiti ya wanke ni," in ji shi. "Ke kuwa, Malama ta gaya miki bambancin, ko? To taki yafiya ce."

Washegari ya koma bakin aikinsa, a nan ya yi ritaya da mutuncinsa.

Turancin da na riƙe ke nan a duniya, ji ɗaya na yi masa ya zauna. Har yau in aka zargi kyanwa da cinye nama, daga baya aka gano mai laifin ƙafa biyu gare shi, nakan ce an yi mata exonerated, duk gidan a yi ta dariya. Ni dai na koyi cewa tsoro ya fi kowane mahassadi iya ɓoye wa mutum alheri, kuma asirin da nake ta rufewa, layinmu kaf sun daɗe da sani, kara kawai suke yi mana.

Ke fa, me kika jefa a kwallarki kika rufe, har yau kin kasa buɗewa?