Orval, Direban da Bai Taɓa Jin Ƙarshen Kiɗanmu Ba

Shekara talatin da huɗu, da sassafe za ka ga Orval Hestnes a bayan zauren wasanmu, jar hula a kai, kofin kofi a hannu, yana loda kayan kiɗa cikin babbar mota. Manyan goge a can ciki, kowane da bargonsa, ganguna a bakin ƙofa. Ni mai goge ce a ƙungiyarmu ta makaɗa, da shi muka zaga makarantun ƙauyukan jihar Dakota ta Arewa a Amurka.

Akwai wani kiɗa mai fara'a da wani ɗan ƙasarmu ya tsara a ƙarnin da ya wuce, da shi muke rufe kowane wasa. Algaita ke fara waƙar, goge ya ɗauka ya bi ta a guje, kakaki ya biyo baya, kowa na korar kowa. Yara kan yi ta dariya. Orval kuwa da ya ji algaitar sai ya fita ya ta da mota, don sanyinmu na tsaga katakon goge idan ba a ɗumama cikin motar ba.

Wata shekara motar ta mutu a hanya cikin dusar ƙanƙara. Da mu makaɗa muka iso a bas ɗinmu muka tarar ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓe gogena, yana karkarwa.

Na ce, "Orval, ka haukace ne?"

Ya ce, "Ni in na sha miya mai zafi zan warke. Wannan fa, da me za ki ba shi?"

Ran da zai ajiye aiki muka zaunar da shi a layin gaba, shi da matarsa Darlene. Algaita na farawa ya yunƙura zai tashi. Darlene ta fizgo rigarsa.

"Zauna, tsoho! Yau motar ba taka ba ce."

Ya zauna, tafin hannu a bayan kunne, don jinsa ya ragu. Da muka gama bai tafa ba. Ya zo bakin dandamali, ido jajur, ya ce mini, "Ashe a ƙarshe duk haɗuwa suke yi? Ni na ɗauka haka suke ta gudu."



Orval, kai ne bangon da muka jingina ba mu waiwaya ba. Yanzu wani ne ke tuƙi, ba laifi, yana ƙoƙari, amma har yau in na sauko daga bas idona kan nemi jar hularka. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma masu sauraro, in kun gama tafi, ku zagaya bayan zaure ku gaida mutumin da ke tsaye cikin sanyi. Ku tambayi sunansa tun yana nan.