Yatsun Baba Likita

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan jiya, da hantsi, ina kan keken ɗinki sai babban ɗanka ya tsaya a bakin shagona ya ce, "Kawu Tela, Baba ya cika." Na ɗaga kai na dubi bencin da ke ƙofar gidanka, kamar zan gan ka a kai.

Baba Likita, haka duk layinmu ke kiran ka, ko da yake kullum sai ka gyara mana cewa kai ba likita ba ne, malamin asibitin dabbobi ne da ya yi ritaya. Ba wanda ya taɓa karɓar gyaran.

Kaska ce ta haɗa mu. Ina sabon zuwa layin, ina da wani jan kare mai gadin shagona, kaska ta cika masa kunnuwa har ya daina cin abinci. Wani ya ba ni shawarar in ɗiga musu kananzir, in bi da ashana. Na durƙusa ke nan na ji murya daga tsallaken titi: "Tela, karen za ka gasa ko kaskar?" Ka tsallako da 'yar jakarka, ka sa safar hannu, ka fito da hantsaki. Ka ce wuta da kananzir ba abin da suke yi sai su sa ta amayar da cutarta cikin jikin dabba. Ka kama ta dab da fata, ta wajen kai, ka ja sama a hankali, ba murɗawa, ba fizga, har ta saki. Ka jefa ta a kwalbar sifirit, ka goge wurin da auduga. "Kada ka matse cikinta, kada ka fasa ta da farce," in ji ka. "Raɓi mai jini ce, lallaɓa ta ake yi." Kafin mako ya zagayo karen ya koma haushinsa.

Daga nan na lura da safiyar Asabar a ƙofar gidanka. Mai gadin makaranta da nasa karen, mai wankin mota da nasa, kowa na jiran layi. Kana duba cikin kunne, ƙarƙashin wuya, hammata, tsakanin yatsun ƙafa, kana yi wa karen hira kamar tsohon aboki. In ka gama sai ka wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ka sauya riga, ka tafi harkarka. Masu cewa dattijo kamarka bai kamata ya dinga taɓa kare ba, murmushi kawai kake musu ka ce, "Shi ma rai gare shi, kuma ba shi da bakin faɗa."

Ban manta da tsohuwar nan mai sayar da gawayi ba, wadda 'ya'yanta duk suka yi nisa, ba ta da abokin zama sai wata baƙar karya. Ta zo maka tana kuka, karyar ta kwanta ba ta ko ɗaga kai. Ka ɗaga leɓenta ka ga dasashin ya yi fari fat, ka ce wannan ya wuce hantsaki, zazzaɓin kaska ne. Da kanka ka naɗe ta a buhu, ka tari mota, ka kai ta tsohon wurin aikinka, ka zauna har aka yi mata allura. Karyar ta tashi. Tsohuwar nan kuwa, ranar da aka fito da kai, tana bakin titi ta rufe fuska da mayafi, ta ƙi zama har aka ɓace mata.

Sai idonka ya fara hazo. Aka yi aiki, bai yi ba. Asabar ta zo ta wuce benci babu kowa, wata ma haka. Mama, uwargidanka, ta ce mini ka daina magana a gida, sai zaman shiru. Rannan ka laluba ka tsallako shagona, ka zauna a kan tarin yadi, ka ce, "Tela, mai zura zare a allura ba zai kasa ganin kan kaska ba. Ka ara mini idonka."

Haka muka koma aiki. Kai kake bin jikin kare da yatsu, a hankali, sai ka tsaya ka ce, "Ga ta nan." Ni kuma in sa hantsaki. In na yi gaggawa kana ji a jikin karen, ka ce, "Ba ɗinkin sauri ba ne, malam." Ko sau ɗaya yatsun nan ba su yi mini ƙarya ba. A waɗannan safiyoyin na ji labarin ƙuruciyarka, da yadda ka haɗu da Mama a layin rigakafin kyanwarta, da dariyarka mai sa ka tari. Na rasa mahaifina tun ina ƙarami. Ban san ina kewar zama kusa da uba ba sai da na zauna kusa da kai.

Da ciwo ya kwantar da kai na je duba ka a asibiti, ka riƙe hannuna ka tambaye ni ko damina ta sauka, don lokacin kaska ke nan. Na ce ta kusa. Ka ce, "To, a gaya wa mutane su yanke ciyawar bayan gida." Ita ce maganarmu ta ƙarshe.

Damina ta sauka, Baba. Har yanzu ana kawo karnuka, ina yi musu iya yina. Ina gani sarai, amma sai in bi kunne in wuce, in dawo in tarar da wadda na tsallake. A nan nake jin rashinka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta yi jinyarka ba gajiya, da 'ya'yanka da jikokinka, da duk mutanen layinmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Malamai sun gaya mana an taɓa gafarta wa wani bawa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sau ɗaya. Ya Allah, ga bawanka nan ya zo, Kai ne Ka san yawan waɗanda ya rage wa azaba. Ka jiƙan sa, Ka haskaka kabarinsa, Ka mayar masa da ganinsa a Aljanna. Amin.